Tukunya Ɗaya, Ƙorai Da Yawa: Tarihin Ciyayya a Ƙasar Faskari a Ma'aunin Fiƙihun Malikiyya

 

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani (ya rasu 386H/996M) a zauren malaminsa ya san cewa babin abinci da abin sha yana can kusa da ƙarshen littafin, a tsakiyar babukan ladubba. Wannan jeri ya sa da yawa daga cikin masu karatu suke ɗaukar maganar ci da sha a matsayin ladabi kawai: a ambaci sunan Allah, a ci da dama, kowa ya ci gabansa, a yi godiya. Amma wanda ya lura da yadda ake kwashe tuwon dare a gidan manomi Bahaushe zai ga cewa hukunce-hukunce masu nauyi ne suka taru a bakin murhu guda. Akwai nafaƙar iyali, akwai rabon kwana tsakanin mata, akwai haƙƙin maƙwabci da liyafar baƙo, akwai kuma ciyar da mai neman ilimi da wanda lalura ta kama.

Wannan maƙala ta ɗauki ƙasar Faskari da maƙwabtanta biyu, Ƙanƙara da Sabuwa, a kudu maso yammacin Jihar Katsina, domin ta bi tarihin wannan tsari. Abin da take son tabbatarwa ɗaya ne: tuwon gida a wannan ƙasa bai taɓa zama na 'yan gida kaɗai ba, domin tun a tukunya ake lissafa rabon waɗanda suke waje, kuma wannan rabo ya dogara ne kacokan a kan rumbu. Duk abin da ya taɓa rumbu a tarihi, ya taɓa ƙwaryar maƙwabci da ta almajiri.

Ƙasar da rumbunta

Kudancin Katsina ya sha bamban da arewacinta. Ruwan sama a nan yana kaiwa kusan milimita 1,000 a shekara, ƙasar tana da ƙarfi, dawa tana yi sosai, ga ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya a gonaki, waɗanda su ne tushen daddawa da man kaɗe da miya da kunu. Daga yamma akwai Tsafe ta Zamfara, daga kudu Birnin Gwari, a tsakani kuma dazuzzuka masu faɗi. Marigayi Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna cewa wannan ɓangare yana da tsofaffin garuruwa tun kafin jihadi, irin su Maska da Gozaki da Birnin Kogo da Pauwa, kuma har yau hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa ake ce masa. Ba nesa da nan ba 'Yandoto take, garin malamai da ya yi suna, wanda ya yi saɓani da jama'ar Shehu a farkon shekarun jihadi. Garin malamai kuwa garin almajirai ne, almajiri kuma ba ya zuwa da rumbunsa. Gidajen gari ne suke ɗauke da shi.

Shugabannin jihadi sun gane cewa addinin talaka ba ya tsayuwa sai da hatsi. A cikin Usulus Siyasa, littafin da Muhammadu Bello ya rubuta domin Umarun Dallaji, sarkin Katsina na farko bayan jihadi, ya lissafa daga cikin ayyukan shugaba cewa ya kula da manoma da maƙera da mahauta da sauran masu sana'a, ya wadata kowane gari da su, kuma ya kwaɗaitar da jama'a su nemi abinci su adana shi saboda gaba. Wato ajiyar hatsi, a fahimtar Bello, tana cikin siyasar shari'a, kuma ga sarkin wannan ƙasa aka fara faɗar haka.

Wurin ajiyar shi ne rumbu, mai riƙe da mabuɗinsa kuma shi ne maigida a tsarin gandu. A gandu, uba da 'ya'yansa maza, masu aure da marasa aure, suna noma babbar gona tare a mafi yawan kwanakin mako. Kowane magidanci kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa don kansa. Abin da aka samu a gandu shi ke ciyar da gida, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samari aure. Kafin dami ya shiga rumbu ana fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, gwargwadon hukuncin abin da ruwan sama ya shayar, idan amfanin ya kai nisabi, wato wusƙi 5 ko sa'i 300. A nan akwai wata ƙa'ida ta mazhaba da ta shafi manomin wannan ƙasa kai tsaye: a wajen Malikiyya gero da dawa da shinkafa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su domin cika nisabi, alhali ana haɗa dangin wake. Saboda haka ƙaramin manomi da ya raba gonarsa tsakanin gero da dawa yana iya tashi babu zakka a kansa ko kaɗan. Da zakka ce kaɗai hanyar da hatsi ke bi zuwa ga mabuƙaci, da gidaje da yawa ba su ba da komai ba. Abin da ya cike wannan giɓi shi ne dafaffen abinci.

Daga rumbu zuwa akushi

Maigida yana fitar da awo, wato hatsin yini ko na kwana biyu, ya haɗa da cefane, ya danƙa wa matar da ke da girki. Daga nan aikin ya koma hannun mata: sussuka da shiƙa, surfe da wanki, niƙa a dutse ko daka a turmi, tankaɗe, sannan a ɗora ruwa a yi rude, a tuƙa da muciya, a kwashe da mara. Kafin zuwan injin niƙa, tuwon gida mai mutum ashirin yana cinye mafi yawan yinin mace. Da safe akan ci ɗumame ko a sha koko, da rana fura, ko wani abin taɓawa da aka sayo daga gidan da ake yi na sayarwa; babban abinci shi ne tuwon dare, da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi, gwargwadon lokaci.

Idan aka ɗora wannan tsari a kan Muhtasar na Shaihu Halil (ya rasu 776H/1374M), sai a ga dacewa mai ban mamaki a wasu wurare, da saɓani a wasu. Halil ya mayar da gwargwadon nafaƙa ga al'ada, tare da lura da wadatar miji da matsayin mata da halin gari da farashi. Ke nan tuwon dawa da miyar kuka nafaƙa ce cikakkiya a Faskari, ba a neman alkamar Masar. Ya kuma bayyana cewa idan mata tana ci tare da mijinta, nafaƙar abinci ta sauka daga kansa, amma tana da haƙƙin ta ƙi, ta nemi a ba ta nata daban. Wannan ƙaramin hukunci shi ne asalin abin da ake gani idan zaman gandu ya yi tsami, har aka ce an raba tukunya. Rabuwar tukunya takan riga rabuwar gona, kuma tsofaffi sun san cewa ranar da aka kafa murhu na biyu a tsakar gida, gandu ya kama hanyar watsewa.

Game da rabon kwana, abin da fiƙihu ya wajabta wa mai mata fiye da ɗaya shi ne adalci a kwana, asalinsa yini da dare ga kowace, ana iya ƙarawa da yardarsu. Bai ɗaure girki da kwana ba. Al'adar Hausa ce ta ɗaure su, har kalmar girki ta zama sunan kwanan kansa, a gidaje da yawa kuma kwana bibbiyu ake yi. Hikimar wannan ɗauri a bayyane take, domin mai girki ba ta dafa wa kanta da 'ya'yanta kaɗai. Ita ke ciyar da kishiyarta da 'ya'yan kishiyarta da uwar miji, gobe kuma ita za a ciyar. Yaron da ya tashi yana cin tuwon matan ubansa duka, da wuya ya ɗauki ɗan ubansa bare.

Sai mas'alar da malamai suka daɗe suna tattaunawa: shin girkin nan wajibi ne a kan mace? Mashhurin mazhaba, kamar yadda Halil ya kawo, shi ne idan matar ba ta cikin waɗanda bisa al'ada ake yi wa hidima, ko kuma mijin talaka ne, to hidimar cikin gida irin kwaɓa gari da shara da shimfiɗa tana kanta, amma ba a tilasta mata saƙa ko kaɗi, domin waɗannan neman kuɗi ne. A ƙasar auduga wannan togaciya tana da daraja: zaren da mace ta kaɗa nata ne, haka ribar fura da ƙosai da daddawar da ta yi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, a Nurul Albab, ya tsananta magana a kan mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna karanta musu wajibcin biyayya kawai, suna ɗora musu dafa abinci da wanki alhali shari'a ba ta keɓe su da waɗannan ayyuka ba. Ba lallai ne a ɗauki maganganun biyu a matsayin masu karo ba. Halil yana magana a kan abin da alƙali zai hukunta idan an kai ƙara, Shehu kuma yana magana da mijin da ya mayar da murhu shamaki tsakanin matarsa da ilimi. Sai dai gaskiya ita ce a aikace an riƙe maganar Halil da hannu biyu, an bar ta Shehu a cikin littafi.

Ƙoran da ke fita waje

Lokacin kwasa shi ne lokacin da ake ganin ainihin tsarin. Mai girki tana jera ƙorai da akusa, kuma ba dukansu ne za su kwana a gidan ba. Akushin maigida ana rufe shi da faifai a kai shi zaure ko ƙofar gida, inda magidantan unguwa ke haɗuwa bayan sallar magariba ko isha'i, kowa da nasa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Wannan ita ce ciyayya, kuma tana da wata fuska ta cikin gida, inda yara ke kai ƙwarya gidan kaka ko gwaggo ko aminiyar uwa, su dawo da wata. Amfaninta da ba a faɗa da baki shi ne sutura. Magidancin da ba a ɗora tukunya a gidansa ba yana zama a da'irar ya ci kamar kowa, babu mai tambayarsa, kuma rashin fitowar akushinsa kwana biyu a jere ya isa sanarwa ga masu hankali cewa a aika da wani abu cikin gida.

Asalin wannan a Sunna ba ɓoyayye ba ne. Muslim ya ruwaito wasiyyar da Annabi (SAW) ya yi wa Abu Zarri (RA) cewa ya yawaita ruwan miya ya tuna da maƙwabtansa. Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da ya yi wa Ash'ariyyawa, waɗanda idan abincinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai, har ya danganta kansa da su. Malik a Muwaɗɗa ya kawo hadisin da ke nuna abincin mutum biyu yana isar uku. Aya ta 61 ta Suratun Nur ta halatta ci a tare da ci a rarrabe, ta kuma jero gidajen dangi da na aboki da mutum zai ci a cikinsu ba tare da ƙunci ba. Wanda ya karanta jerin zai ga kusan taswirar gidajen da ƙwaryar ciyayya ke zagayawa ce. Ba a cewa duk wannan al'ada daga littafi ta fito. Maguzawan wannan yanki, waɗanda Murray Last ya zauna a cikinsu kusa da Malumfashi wajen 1970, su ma suna da manyan gidaje da ci tare da gayya. Abin da Musulunci ya yi shi ne ya ba al'adar niyya da hukunci, ya fitar da giya daga cikin abin da ake yi da dawa, ya kuma ƙara wasu masu rabo.

Na farkonsu baƙo. Liyafar kwana uku ta tabbata a hadisi, Bahaushe kuma ya ce baƙonka annabinka. Fatake da masu cin rani da almajirai matafiya sukan sauka a zauren mai unguwa ko na liman, tuwo kuma ya fito daga gidaje. Furar da ake tarbar baƙo da ita tsohuwar aba ce a ƙasashen Sudan: Ibn Baɗɗuɗa, da ya isa Walata a 1352 kan hanyarsa ta zuwa Mali, da dakakken gero haɗe da nono da zuma a ƙwarya aka karɓe shi, ya kuwa raina liyafar, abin da ya fi nuna halin baƙon fiye da na masu masauki. Na biyu almajiri. Kafin bara ta zama abin da ta zama a manyan birane, yawancin almajiran ƙauye suna da gidajen da suka san kwanonsu, suna yi wa uwar ɗakinsu ɗiban ruwa ko aike, ita kuma tana lissafa su cikin 'ya'yanta a lokacin kwasa. Da haka aka ɗauki nauyin karatun Alƙur'ani ƙarni bayan ƙarni ba tare da baitulmali ba.

Inda al'ada ta kauce

Adalci ya wajabta a faɗi inda tsarin ya gaza. Na farko, jerin ci ya bi jerin girma: tsoka tana akushin maigida, har aka yi karin magana cewa tuwon girma miyarsa nama, yara kuwa da mai shayarwa, waɗanda jikinsu ya fi buƙata, su ne a ƙarshe. Na biyu, kunya ta hana miji ci da matarsa, uba kuma da ƙananan 'ya'yansa, har wasu suka zaci wannan addini ne. Alhali Umar ɗan Abu Salama yana yaro a kwano ɗaya ya ci da Annabi (SAW), a nan ne ma aka koya masa ladabin ci, kuma Muslim ya ruwaito daga A'isha (RA) yadda suke sha a ƙoƙo ɗaya. Na uku, kwanon almajiri sau da yawa ya koma mazubar abin da ya kwana ya yi tsami, alhali aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana a nufi mummuna a yi sadaka da shi. Akwai kuma magidancin da akushinsa na zaure ke sheƙi da man shanu don a yabe shi, cikin gida kuwa ana lasar gaya, wanda shi ne ainihin gida bai ƙoshi ba an bai wa dawa.

Abincin mutuwa ma ya juye. Abin da ya zo a Sunna shi ne a dafa a kai wa waɗanda aka yi wa rasuwa, kamar yadda aka yi umarni game da iyalan Ja'afar (RA). Al'ada ta riƙe wannan a kwanakin farko, domin maƙwabta ne ke ciyar da gidan makoki, amma ta ɗora wa gidan gumba da waina da tuwon sadakar uku da bakwai da arba'in. Wannan yana cikin abubuwan da aka fi jayayya a kansu bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, kuma jayayyar ta shiga har cikin da'irar ciyayya, inda a wasu unguwanni rabuwar masallaci ta jawo rabuwar tabarma.

Auduga da jirgi da masara

Turawan Ingila sun karɓe Katsina a 1903, kuma a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906–1944) haraji ya koma na tsabar kuɗi. Manomi ya zama dole ya sayar da wani abu a kaka, lokacin da hatsi ya fi arha. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta nuna illar haka a arewacin ƙasar Hausa, kuma Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ya buga shi a 1983, ya kafa hujja cewa ba fari kaɗai ne ya kashe mutane ba, har da raunin da sabon tsari ya yi wa ajiyar hatsi da taimakon juna. Kudancin Katsina, saboda ruwansa da faɗin dajinsa, ya zama wurin da ake gudowa, kuma ƙauyuka da yawa na wannan yanki baƙi daga arewa ne suka cika su a ƙarni na 20.

Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau ta isa Ƙaurar Namoda a 1929. Aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da gonar irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari. Kuɗin auduga ya ba saurayi abin da a da sai uba ke ba shi, wato sadaki da haraji, don haka dalilin haƙuri da gandu ya ragu. Mutuwar bauta ita ma ta sauya tsakar gida, domin daka da niƙan da kuyangi ke yi a manyan gidaje ya koma kan matan aure, kulle kuma ya yaɗu a tsakanin talakawa. Tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, aka buga a 1954, shaida ce ta mace da ta ga zamanin biyu. Polly Hill kuma, a bincikenta na Ɓatagarawa da ya fito a 1972, ta nuna yadda matan kulle suka mayar da murhu kasuwa, yara na yi musu talla, har abincin rana na gidaje da yawa ya zama na saye.

Sauyin da ya fi shiga tukunya ya zo ne da Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da bashin Bankin Duniya, jim kaɗan bayan farin 1973. Ya kawo takin zamani da hanyoyin karkara da ingantaccen irin masara. Masarar da a da ake shukawa bayan gida don a gasa a damina ta zama babban amfanin gona, tuwon masara ya ture na dawa a gidaje da yawa, injin niƙa ya sauke dutse, kwanon sha da samira suka maye gurbin ƙwarya da akushi, Maggi ya raba miya da daddawa. Amma masara tana da sharaɗi: ba ta yi sai da taki, taki kuma sai da kuɗi, saboda haka buhu ya fara tafiya kasuwar Sheme da ta Dandume maimakon dami ya shiga rumbu. Duk da haka ciyarwa ba ta mutu ba. Paul Clough, wanda ya daɗe yana bincike a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi, ya gano cewa manyan manoma da 'yan kasuwar hatsi na yankin suna auna arzikinsu ne da hidima, wato yawan mutanen da suke ɗauke da su. Mai kuɗin da babu mai ci a ƙofar gidansa bai cika mai arziki ba a idon mutanensa.

Rumbu a bakin bindiga

Abin da haraji da auduga da masara suka raunana a hankali, ta'addancin 'yan bindiga ya auka masa kai tsaye. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin Katsina da ke bakin daji. A watan Yuni na 2020 an kashe gomman mutane a Kadisau ta Faskari. Ranar 11 ga Disamba na wannan shekara aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Waɗannan su ne duniya ta ji. Abin da ba a cika ji ba shi ne rumbunan da aka ƙone ko aka kwashe, shanun noma da aka kora, gonakin nesa da aka bari, da kuɗin da ake ɗora wa ƙauye kafin a bar shi ya yi shuka ko girbi. Rikicin ya kuma yanke wata tsohuwar ciyayya tsakanin al'umma biyu, domin furar Bahaushiya da nonon Bafulatana a ƙwarya ɗaya suke haɗuwa, kuma Fulanin da ba su ji ba su gani ba suna cikin waɗanda suka rasa dukiya da matsuguni. Hatta matakan tsaro sun taɓa murhu: dokar da gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa a ƙarshen Agusta na 2021 ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itacen girki daga daji.

A cikin wannan hali ne tsohon tsarin ya nuna sauran ƙarfinsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka gudo daga ƙauyuka ba a sansani suka sauka ba, a gidajen dangi da na sani suka sauka a Faskari da Ƙanƙara da Funtuwa, aka ƙara ruwa a miya, aka ƙanƙanta malmala. Wannan shi ne kusan abin da aka ruwaito Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya yi niyyar yi a Shekarar Toka, 18H, cewa da fari ya ci gaba zai haɗa kowane gida da mutane kwatankwacin adadinsa, domin rabin ciki ba ya kisa. Bambancin shi ne Umar yana da Sham da zai rubuta wa su aiko da ayari, magidancin Faskari kuwa nasa rumbun ma yana bayan gari inda ba ya iya zuwa, ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Daga nan mas'alar ta tashi daga babin ladubba ta koma inda Halil ya ajiye ta, domin ya ambaci wanda ya hana rarar abincinsa ko abin shansa ga wanda lalura ta kama a cikin waɗanda lamuni ke hawa kansu idan mutumin ya halaka. Tambayoyin da ke gaban malaman yankin a yau na fatawa ne, kuma manoma suna yin su a bakin masallaci. Mazhaba ta ce bashi ba ya kayar da zakkar amfanin gona, ba a kuma cire kuɗin noma kafin a fitar da ita. To yaya hukuncin buhunan da aka miƙa wa ɗan bindiga bisa tilas kafin a bari a kwashe sauran? Wanda ya sauke iyalin ɗan'uwansa su goma, alhali nafaƙarsu ba ta wajaba a kansa ba, zai iya lissafa hatsin da ya ba su cikin zakkarsa, kuma da wane sharaɗi, tunda dafaffen tuwo ba ya zama zakka? Matar da mijinta ke hannun masu garkuwa, an sayar da gona da abin da ke rumbu don fansarsa, nafaƙarta da ta 'ya'yanta a kan wa take a watannin da ke tsakani?